Littafinka Ya Cinye Mini Fil

Aikin farko yau: zuba wa keken ɗinki mai.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randar da ba ya gundurata, tauraron da ke fita kafin sauran su shirya, Baban Auta, sarkin masu alƙalami na gidan nan. Sai da na gwada wannan gaisuwar a bayan takardar awo kafin na juyo ta nan, kuma har yanzu ban tabbata ba ko tauraro ya kamata ya riga randa zuwa. Ka yi haƙuri da ita yadda ta samu.

Tun ranar da mutumin kamfanin ɗab'i ya dawo maka da littafinka, ya ce masu karatu za su gaji da kalmominka, gidan nan bai koma daidai ba. Ka cusa kwamfutarka a jaka ka ɗora saman sif. Ka dire mini takardun a kan teburin yanka, ka ce in ni ma na kasa karantawa, to kai da rubutu kun yi hannun riga. Ka ɗauki jakar tafiya ka wuce aikin da ofis ya tura ka, ko shayinka ba ka shanye ba. Haba, rabin raina! Wa ya taɓa ɗora wa tela irin wannan kaya? Ni da na rabu da aji tun sakandare, ni ce zan yanke hukunci a kan wahalar shekarunka?

To, na kama karantawa, kuma yadda na iya aiki haka na yi. In na gwada wa mace riga, duk inda ta ɗame ko ta yi jaka, fil nake sokawa. Shi ne na ce duk inda na yi tuntuɓe a littafinka zan soka fil mai jan kai a gefen takarda. Ya kai farin watana, yanzu littafinka ya zama bushiya! Ba ya ɗaukuwa sai da tsumma. Ƙanwarka ta zo aron fil jiya, na ce ta je ta roƙi babi na uku, shi ne mai arzikin gidan.

Akwai wata jimla da na soma ina tsaye. Mutumin cikinta ya kama hannun ƙofa. Na ɗora ruwa ya tafasa, na raba Auta da almakashi, na sallami mai karɓar ɗinki, na dawo na ci gaba, na tarar bawan Allah bai buɗe ƙofar ba, yana can yana tunanin kakansa. Don Allah, me ƙofar nan ta yi maka? Wasu kalmomin kuma, in na zo kansu, ji nake kamar allurar keke ta hau maɓalli. Na yi zaton laifin kaina ne, ka san ni da zargin kai. Sai na kai wa maƙwabciyarmu malamar makaranta shafi guda. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa, sannan ta tambaye ni ko lafiyarka ƙalau.

Kada ka ninke takardar nan tukuna, da sauran magana.

Ka tuna yadda ka fara zuwa shagona? Da riga a hannu, aljihunta ya yage. Na ɗinke. Ka dawo da ita, aljihun ya sake yagewa, yagewar da ko makaho ya shafa ya san hannu ne ya ja. Ranar ana ruwa, ka tsaya a bakin ƙofa wai kana jira ya ɗauke. Ya ɗauke, rana ta fito, kaji suka koma kiwo, kana nan kana jira. Duk kalmomin nan da ke cikinka, abin da ka iya faɗa mini shi ne, “Zaren naki yana da ƙarfi.” Wallahi ba a taɓa gaya mini maganar da ta fi wannan daɗi ba!

Na tarar da wannan tsayuwar a tsakiyar littafinka. Ka sauya tela ta koma mai sayar da fitilu, amma wa za ka ɓoye wa? Na karanta babin daga farko har ƙarshe, fil yana tsakanin leɓɓana, ban soka ba. Ƙauri ne ya dawo da ni: na bar dutsen guga a kan rigar da wata matar direba ta kawo ɗinki. A babin nan ba ka yi ƙoƙarin burge kowa ba, abin da ka gani ka faɗa, sai ga shi ya shige ni kamar ruwan farko a busasshiyar ƙasa. Mutumin da ya rubuta wannan shi ne zai ajiye alƙalami? Ina!

Ga wani abu kuma. Na tambayi Innata wata kalma da na soka wa fil, tsattsafi. Ta ce yayyafi ne ɗan kaɗan, haka mahaifiyarta ke faɗa, rabon da ta ji wani ya furta har ta manta. Sai da ta sa na karanta mata layin, tana goge ido da gefen mayafi tana cewa hayaƙi ne, alhali ba a kunna wuta ba. Na koma na zare jan fil na sa fari. Yanzu ga ƙa'idar: ja, wurin da ka sa kalma don a ce ka sani, fari, wurin da kalmar ta wahalar da ni amma ta biya ni. Fararen kada ka taɓa su, ko wa ya ce. Ina iya yin kuskure a wasu, za mu zauna mu duba.

Ka dawo, ya kai iskar asubata. Ba a jefar da yadi mai tsada don ɗinki ya yi yawa, warwarewa ake yi a rage. Kujerarka ta yi shiru, Auta tana tambayar yaushe za ta sake jin ƙwas-ƙwas ɗin yatsunka. Ni kuwa kewarka ta yi tsawon jimlar ƙofar nan, har ta ɗara. Na yi alkawari duk abin da ka rubuta ni ce mai karantawa ta farko, ko fil zai ƙare a kasuwa.

Taka, da zaren nan da ka yaba, wanda bai tsinke ba kuma ba zai tsinke ba,
Maman Auta.

Na gobe, in Allah ya kai mu:
– Ba matar direba haƙuri, a nemo mata yadi irin nata.
– Sayen fil, ja kaɗan, fari da yawa.
– Babi na ƙarshe, ban kai ba tukuna.
– Aron tsani a sauko da jakar saman sif, a kaɗe ƙura, a mayar da kwamfutar kan teburinka a buɗe.