Na Ɗanɗana Yumɓu a Gaban Malama

Assalamu alaiki, Inna.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da albishir, amma sai kin fara yi mini dariya tukuna.

Kin bar ni ina kwalejin Kaura. To, na gama, na wuce jami'a. Bana aka buɗe sabon ɗakin bincike, inda ake nazarin ƙasa da ƙarfe da duwatsu don a gano abin da za a iya ƙerawa da su. Aka ce za a horar da ɗalibai kaɗan, musamman irinmu 'yan karkara da ba a saba gani a wurin ba. Inna, na ƙwallafa rai a kan gurbin nan har abinci ya daina shiga.

Ranar gwaji aka ajiye wa kowa yumɓu a faranti. Kin tuna yadda kike yi a bakin ramin yumɓunki na Birnin Tsaba? Ki gutsura ki sa a haƙori, in kin ji yashi ki tofar ki ce, "Wannan sai dai yaɓen rumbu." Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai baki ba. Ina ɗagowa na ga malamar da ke gwada mu, wata 'yar kudu, ta zaro ido. Ashe ko ruwa ba a sha a ɗakin, don wasu abubuwan da ake gwadawa guba ne. Ta sa na kurkure baki, ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta. Na koma ɗaki na sha kuka, na ce shi ke nan, na ɓarar da rabona.

Washegari ta kira ni ta tambayi inda na koyo wannan ɗabi'a. Na ba ta labarinki, da randunan da kike kaiwa kasuwar Shinkafi. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta daɗe tana neman ɗalibar da ba ta ƙyamar laka, su yi aiki a kan tukunyar tace ruwan sha.

An ɗauke ni, Inna, da sharaɗin bakina ya zauna a rufe.

Jibi zan je gida in ɗebo yumɓu daga raminki. Malama ta ce duk ƙasar da aka kawo sai an raɗa mata suna kafin ta shiga na'ura. Sunanki zan sa mata.

Allah ya kai haske kabarinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya sada mu a Aljanna.

Taki har abada,
Auta