Kifi Mai Gemu

Daga arewacin Norway

Zuwa ga Goggo 'Yardada, Madabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya ciwon ƙafa? Maigidana Mikail yana gaishe ki.

Na san fushin tafiyata bai huce ba. Ban manta abin da kika faɗa a zaure ba, wai yarinyar da kika raina tun rasuwar uwarta ta rasa abin da za ta ƙetare teku dominsa sai kifi. To ga kifin nan na ba Alhaji Sabo ya kawo miki, ki ga wanda ya raba mu.

Sunansa kod. Ruwan da yake so, in kika tsoma yatsa sai ya sandare. Yana da ɗan gemu sili ɗaya a haɓa, kamar na ladanin unguwarmu, da shi yake laluben abinci a ƙasan teku. Ba shi da tsantsani, har ƙananan danginsa haɗiyewa yake. Duk shekara da tsakiyar sanyi sai su yi ayari daga ƙuryar arewa su gangaro gaɓar nan su yi ƙwai. Mace ɗaya takan zuba miliyoyi, ta bar su suna yawo a ruwa, ta kama gabanta. A nan ake kama su a rataye a iska har su bushe, ba gishiri ba hayaƙi.

Ni kam yanzu a wurin aikinmu na binciken kifi an cire ni daga masu shiga jirgin ruwa. Ƙarnin kifin ba na iya jurewa, sai kwaɗayin ɗanwake. Rana ma ta daina fitowa a garin nan.

Na bar ki lafiya. Taki, Larai.

Daga Madabo

Larai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaida mijinki.

Kifinki ya iso, ya karya mini wuƙa. Da na ga abin ya fi ƙarfina, Hajo maƙwabciyata ta kai ni Sabon Gari wurin wata Inyamura mai sayar da shi, ta yi ta dariya ta ce jiƙawa ake yi sai ya kwana. Kuma naki ba kai, sai ga kawunan can a rumfarta buhu-buhu. Ashe su ma sun san hanyar Kano, ke ce kika manta.

Kifin da ke zubar da 'ya'yansa a ruwa ya tafi, Allah Ya shirye shi. Mu ba haka muke yi ba. Ba zan tambaye ki abin da ba a tambaya ba. Amma an sayo babbar tukunya a Ƙofar Wambai, itace yana jibge a tsakar gida, kanwa ma akwai. Haihuwar fari a gida ake yi. Fushi kuwa yana nan, za ki tarar da shi, bai hana ni ɗora ruwa ba.

Allah Ya raba lafiya. Goggonki.

Daga arewacin Norway

Goggo,

Bayan gaisuwa. A ɗakin bincike na karanta takardarki, Turawa suna ta tambayata ko rasuwa aka yi. Na ce musu a'a, tukunya aka saya. Ba su gane ba, na ƙyale su.

Tsoro nake ji, Goggo, tun ranar da likita ta gaya mini. Asibitinsu ba laifi, amma ba wanda zai kama ni ya ce yi haƙuri da bakin da na sani. Na yi ta neman yadda zan roƙe ki, kunya da taurin kai suka hana. Kin ɗauke mini roƙon. Allah Ya saka da Aljanna.

Sai dai ina da sharaɗi: haihuwa a asibiti, kanwa kaɗan a kunu, ruwan wanka kuma kada ya zama na fige kaza.

Taki mai godiya, Larai.

Daga Madabo

Larai,

Gaisuwa. Asibiti na yarda. Kanwa na yarda. Maganar zafin ruwa kuwa, ba a yin ta a takarda. Ki zo mu yi gardamar a gaban tukunya.

Allah Ya kawo ki lafiya. Goggonki.