Talatin da Ɗaya Ja Ne

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar?

Na ji saƙonka, wai in dawo gida idan aikin ya fi ƙarfin makauniya. Bai fi ba, Baba, tuntuɓe na yi kawai.

Aikina duba rahoton zafin na'urorin kamfani. Masu ido suna ganin layi kore su ce lafiya, ja su ce matsala. Da an ajiye rahoton a fayil sai launin ya koma tarkacen lambobi a gaban kowane layi, manhajar da ke karanta min allo kuwa ba ta tsallake ko ɗaya. Tun abin yana sa ni ciwon kai har kunnena ya gane kansa: talatin da biyu kore, talatin da ɗaya ja.

Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya ji surutun da nake sha, tausayi ya kama shi. Ya share lambobin tas, bai gaya min ba. Na ji rahoto sumul, na ɗauka an gyara tsarin ne, ban kuma ji talatin da ɗaya ba, na ce komai lafiya. Ashe wata na'ura tana can tana dahuwa, har ta mutu. Garin neman gira an rasa ido, ni da ba ni da na asara!

Shugabanmu ya ce zai sake duba zamana a nan. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, amma na san abin yi.

Ka gaida Inna.

Autarka

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Na rubuta wa kwamfuta nawa umarnin share tarkacen. Yana kwashe lambobin launi da sauran lambobin da ke motsa rubutu a allo ko buga ƙararrawa, amma duk inda ya tarar da talatin da ɗaya, sai ya ajiye kalmar HATSARI a gurbinta.

Na je ofishin shugaba da kaina. Na sa ya kashe allo, na kunna masa fayil ɗin Dogo ya saurara, na roƙe shi ya nuna min na'urar da ke ciwo. Ya kasa. Na kunna nawa, kafin a kai rabi ya ji HATSARI, ya buga tebur ya ce ga ta nan. Dogo da ke bakin ƙofa ya shigo ya faɗi abin da ya yi. Na yafe masa, da sharaɗin ya riƙa tambaya kafin ya taimaka.

An tabbatar da ni a aikin, Baba. Ɗakin da Inna ta ce kana ta share min, ka zuba buhunanka a ciki. Idan na zo, ziyara na zo.

Ina kewarku ƙwarai.

Autarka