Daga Ni Sai Ke

Jibiya,
12 ga Yuni, 1977.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Barira da yara duka. Yaya ciwon bayan nan naka, ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, har mutanen ƙauyen Kusa sun gama shuka. Zalika tana gaishe ka, ko da yake a takardarka ba ka tambayi lafiyarta ba.

Takardar ta same ni a shingen kan iyaka na Magama, ina tsaye cikin shanun da aka koro daga Nijar ina jira a kama mini su in yi musu allura. A nan na karanta ta sau biyu. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, na rabu da jar motata MG. Ba sayarwa na yi ba, musaya muka yi da wani Bafaranshe mai haƙar rijiyoyi a Maraɗi, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Ya ba ni baƙar Reno ɗinsa, mai kujera a baya da ƙofa a ƙeya wadda ake ɗagawa sama. Wanda ya ce maka kamar akwatin sabulu take bai yi ƙarya ba. Amma ka ce masa ya zo mu jera a hanyar Katsina, in ya riga ni shiga gari in miƙa masa makullin.

Na san matsayin motar nan a wurinka. Kai ka tafi Ikko ka karɓo ta daga jirgi, ka tuƙo ta har ƙofar gida, ka ce tun da ƙasa ta yi arzikin mai, ƙanenka ma sai ya hau abin da Turawa ke hawa. Ban manta ba. Amma ka ji dalilina kafin ka ƙara kirana sakarai.

Ka tuna rubutun da na sa Ɗantala mai fenti ya yi mini a bayanta tun ina gwauro, irin na masu manyan motoci? DAGA NI SAI KE. Mota mai kujera biyu, me za a rubuta mata in ba wannan ba? Kai ma ka yi dariya har da riƙe ciki.

To, ka san Zalika tana da 'ya, Rabi, wadda ta haifa da marigayi Mahmudu direba. Shekararta takwas. Tun da aka ɗaura aurenmu bara, yarinyar tana hannun baffanta Rabe a Maraɗi. Zalika ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni komai a kanta ba. Sai dai duk ranar kasuwa takan tare matan Maraɗi tana tambaya ko yarinyar ta ƙara tsawo. Riga uku ta ɗinka mata da ƙiyasi ta aika, duka ukun aka dawo da su, sun yi kaɗan. Ranar da ta ukun ta dawo na tarar da ita tana warware ɗinkin tana hawaye, ta ce mini wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Na shirya na tafi wurin Rabe da kaina. Dattijo ne mai mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya saurare ni har na gama. Sai ya tashi ya ce in raka shi waje. Ya zagaya motar, ya taɓa kujerun da sandarsa, ɗaya, biyu. Ya kira wani maƙwabcinsa mai boko ya karanta masa abin da ke bayanta. Da ya ji, sai ya ce ai ba sai ya ba ni amsa ba, na riga na rubuta ta da kaina, kuma ba zai kai marainiyar ƙanensa gidan da aka auna wurin mutum biyu ba.

Yaya, na so in ce masa wasa ne na samartaka, amma na san gaskiya ya faɗa. Shekara guda, jefi-jefi ina kai Zalika gaisuwa Maraɗi ina dawo da ita, yarinyar nan tana tsaye a bakin zaure tana kallon uwarta ta shiga mota, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina ita za ta zauna ba. Kunyar da na ji ranar nan ban taɓa jin irinta ba.

Saboda haka zancen in je in karɓo MG ka bar shi. Ko Baturen nan ya kawo ta da kansa yana roƙo, ba na so. Ɗantala ya rubuta mini sabon take a ƙeyar baƙar, harafi ɗaya kawai na sa ya canja: DAGA NI SAI KU. Ranar Asabar zan koma wurin Rabe da motar.

Ka gaida Yaya Barira, ka shafa mini kan yara.

Ni ne ƙanenka,
Kalilu.

Jibiya,
24 ga Agusta, 1977.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fatan azumin yana zuwa muku da sauƙi, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya fara fitar da kai, Zalika tana gaida kowa.

Ka ce in ba ka labari ko dattijon ya kore ni. Bai kore ni ba. Da ya ga motar sai ya ce a kwantar masa da kujerar gaba, ya tattare babbar rigarsa ya kutsa baya da kansa, ya ce in zagaya da shi gari. Gwiwoyinsa har haɓarsa, haka muka je muka dawo. Ya sa aka karanta masa sabon rubutun, sannan ya kafa mini sharaɗi. Rabi za ta zo ta yi hutun lakwal a wurinmu, makarantarsu ta can ke nan. Bayan Sallah, kafin a koma karatu, zai zo Jibiya ya tambaye ta a gabana. In ta ce Maraɗi, shi ke nan, kada in sake tayar da maganar har abada. Na yarda.

Yau wata biyu tana gidan nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, ko kalma ɗaya ba ta taɓa ce mini ba. In na yi sallama sai ta shige bayan uwarta. Na sayo mata takalmi, tana ajiye da shi a ƙarƙashin gado. In za mu fita sai ta shiga baya ta manne da ƙofa, ta bar kujerar fili kamar wadda aka ce ta zauna a ɗakin baƙi. Da uwarta tana hira har da dariya, ina ji daga zaure, ina shiga sai dariyar ta yanke. Abin yana cin raina ƙwarai. Zalika kuwa tun yanzu ta fara ramewa da tunanin ranar da Rabe zai zo.

Na san za ka ce ai ka faɗa. Ka rubuta mini cewa agola ba ta zama 'ya, duk abin da na yi mata baƙuwa ce, kuma na zubar da mota a banza. Mutanen tasha ma haka suke cewa, wai Malam Kalilu ya sauka daga doki ya hau jaki. Su na yafe musu, ba su san komai ba. Amma kai, Yaya? Da shekara huɗu Inna ta shigo da kai gidan Baba a hannu, kafin a haife ni. Baba ya ci da kai, ya sa ka makaranta, yau kana ofis a Kaduna ana yi maka fanka. In agola ba ya zama ɗa, kai mene ne a gidanmu? Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau na faɗa, in ka ga dama ka yi fushi.

Ko Rabi ta ce Maraɗi, motar nan tana nan, kujerarta tana nan. Ni zan kai ta, kuma duk hutu ni zan je in tsaya a bakin zauren Rabe har ya gaji da ganina.

Allah ya karɓi ibadunmu. A gaida mutan gida.

Ƙanenka,
Kalilu.

Jibiya,
28 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi ta lafiya, kuma Yaya Barira da yara suna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan ƙalau, an fara girbi.

Amsarka ta zo, kuma ta zaunar da ni. Wallahi ban tuna keken Baba ba sai da ka faɗa. Yanzu ina ganinsa sarai: duk ranar kasuwa ni a kan ƙarfen gaba, Baba yana tuƙi, kai kana binmu a ƙasa da kwando a ka, tun daga gida har bakin kasuwa. Ni a lokacin daɗin iska nake ji, ban taɓa waiwayawa ba. Ka ce bai taɓa zaginka ba, bai taɓa hana ka tuwo ba, amma ko sau ɗaya bai ce hau ba, kuma ba ka so wata yarinya ta san wannan zafin. Na yi maka rashin kunya a kan abin da ban sani ba. Ka yafe mini. Amma a kan Rabi ban janye ko taku ɗaya ba, ga kuma abin da ya faru.

Ana jibi Rabe zai zo, da safe ina wanke mota a ƙofar gida, sai na ji mutum a bayana. Rabi ce, tana tsaye tana kallon rubutun ƙeyar tana motsa baki. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai mai fentin nan bai iya rubutu ba. Maganarta ta farko da ni ke nan. Na riƙe tsumma ban motsa ba, don kada ta gudu. Ta ce a lakwal malaminsu ya koya musu ba a rubuta ku haka, sai an sa O a tsakiya, in ba haka ba kalmar ba ta ce komai ba. Ka san rubutun mutanen Faransa, su KOU suke yi. Ta shiga gida ta ɗauko guntun alli, ta yi ɗage, ta matsa ƙaramin O tsakanin K da U. Sannan ta tambaye ni ku ɗin nan su wa da wa ke nan. Na ce ita da uwarta. Ta ce to shi ya sa ta gyara, don ba ta so a rubuta ta ba daidai ba.

Yaya, ni da nake kayar da bijimi in yi masa allura, sai ga ni na tsuguna a bayan mota ina wanke tayar da na riga na wanke.

Rabe ya zo ranar Asabar a motar kasuwa. Muka zauna a zaure, aka kira ta, ya tambaye ta a gabana kamar yadda ya ce. Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta, Zalika tana bayan ƙofa, ina jin numfashinta. Sai yarinyar ta ce tana son baffanta, kuma za ta riƙa zuwa duk hutu, amma a nan za ta zauna, don in ta tafi babu mai duba musu rubutu a gidan nan. Dattijon ya yi dariya har hawaye ya zubo masa, ya ce ya ji, Allah ya yi mata albarka. Ni na mai da shi Maraɗi da yamma, shi a gaba, ita da uwarta a baya, tana sanye da takalmin nan.

Washegari na kai wa Ɗantala motar na ce ya bi kan allin da fenti. Ya yi ta gardama wai za a ce shi ne jahili, na ce ya rubuta ko in kai wa wani. Yanzu duk Jibiya dariya ake yi mini. Malaman kwastan sun ce malamin dabbobi guda bai iya rubuta ku ba, hedimasta ma ya tare ni a hanya zai gyara mini. Su yi ta yi. O ɗin nan ba mai goge shi muddin motar tana hannuna.

Ranar Juma'a ta sama zan zo Kaduna da su, mu ɗauko ka ka zo ka ga girbi. Kada ka ce za ka biyo mu a motar haya, ba zan yarda ba. Zalika ta ce ita baya za ta zauna wurin 'yarta. Kujerar gaba taka ce, Yaya. Ka hau.

Rabi ta ce a gaida Baba na Kaduna. A gaida Yaya Barira da yara.

Ni ne ƙanenka mai ƙaunarka,
Kalilu.