Hoton Kaka ko Waƙar Bakin Teku

Anti Merle, don Allah ki taimake ni kafin kaina ya fashe. Ban taɓa rubuto miki ba, amma duk mako sai na karanta shafinki tas kafin in zuba ɓawon dankali a jaridar.

Rayuwata ta canja ne ranar Asabar ɗin bikin waƙoƙin gargajiya na bara, kuma kek ne ya jawo. Kin san yadda garin nan yake cika a watan Maris: tantuna har filin ƙwallo, masu goge a kowace kwana, baƙi kowa da kujerarsa ’yar tsugunno rataye a baya kamar kunkuru. To, dangin mijina Hamish ba sa tsayawa. Tun kafin a haife shi, da biki ya ƙarato sai su rufe gidaje su tafi gonar tumakin kakarsa Noeleen can cikin ƙasa. Wai biki na baƙi ne, ɗan gari na ainihi ba ya bin layin burodi a garinsu. Ranar Lahadi a gasa rago, da tsakar rana kowa ya jeru ƙarƙashin babbar bishiyar turare a ɗauki hoto, Kaka a tsakiya. Hotunan nan sun cika bangon falonta, tun daga marasa launi. Ina cikin uku na ƙarshe, kullum idona a rufe.

Bara sai da muka kwana a gonar na tuna na bar kek ɗin lemo a firiji. Na koma ɗaukowa. An rufe titinmu, dole na ajiye mota nesa na taka. Ina dawowa da kwali a hannu ruwa ya tsuge, na faɗa tsohon ɗakin ajiye raga na tashar jiragen kamun kifi. Mutane ne zaune a zagaye, ba dandamali ba lasifika, ana miƙa wani cokalin katako daga hannu zuwa hannu. Wanda cokalin ya zo wa, ko ya yi waƙa ko ya miƙa gaba. Ni ban san ana iya miƙawa ba! Wani dattijo ya ɗora min shi a kan kwalin kek, kowa ya zuba min ido. Sai na rera wadda mahaifiyata take yi in tana shanya, ta matar da ke jiran jirgin mijinta. Ina shiga baiti na biyu ɗakin gaba ɗaya ya karɓa. Anti, tsigar jikina ta tashi.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, a daidai nan ne wani dogo mai baƙin gashi yake ɗago kai daga kusurwa. Ni wadda ta ɗago kai wata tsohuwa ce, Raelene, shugabar ƙungiyar mawaƙan gari. Ta ce, “Ke ’yar nan, wa ya ɓoye ki? Talata da yamma, cocin kan tudu. Kada ki sa in zo nemanki, gwiwata ba lafiya.” Kek kuwa a nan aka cinye shi, na koma gona da kwali da cokula masu datti a ciki.

Shekara guda ke nan ina zuwa, ban taɓa fashi ba. Hamish ya sani, har suna ya sa min, wai Zabiya. Bana ƙungiyarmu ce za ta yi waƙa a bakin teku da hantsin Lahadi, kuma an ba ni baiti guda ni kaɗai. Kafin mu gama rana ta take tsaka, gona kuma ba kusa ba, ko fiffike gare ni ba zan sami hoton ba. Kaka ta haura casa’in. Surukata ta riga ta ce min, tana murmushi, ba wanda ya san hotuna nawa suka rage.

Na gaya wa Hamish da safe yana shan shayi. Ya ce, “Yi abin da ranki yake so, Zabiya. Miƙo min man shanun nan.” Shi ke nan fa! A littafi, in namiji ya faɗi haka, zuciyarsa ce ta karye, sai ya tafi bakin teku ya tsaya iska tana kaɗa masa gashi. Na leƙa ta taga, ya tafi bakin tekun kuwa, amma injin jirgi yake gyarawa yana fito. Tun ranar nake bin fuskarsa da kallo. Na ajiye masa tsarin bikin a tebur, na zagaye sunana da jan biro, ya ɗora kofi a kai. Na yi ta ajiyar zuciya a gabansa, ya tambaye ni ko mura ce.

In ransa ya ɓaci, me ya hana shi faɗa? In bai ɓaci ba, wato bai damu ba ke nan? Ni so nake in hango shi cikin jama’a, zaune a ’yar tsugunno gwiwoyinsa har kunne, ba tare da na roƙa ba. Ga kuma Kaka. Ita ta koya min saƙa, ita kaɗai take tambayata ƙarshen littafin da nake karantawa. Ina tsoron ta dubi hoton bana ta ce matar da Hamish ya kwaso daga birni ta zaɓi baƙi.

Ki gaya min yadda zan yi da su biyun. Zancen Lahadi dai na gama: zan tsaya in yi waƙata.

Zabiyar Bakin Teku

’Yata Zabiya,

Tun da kin yanke, ba zan ɓata bakina ba, ban kuma ga laifinki ba. Shekara kika yi kina hawa tudun nan, kuma akwai mutanen da suka dogara da muryarki ranar. Sai dai kada ki ɗauka ba abin da za ki rasa. Za ki rasa hoton, kuma maganar surukarki, duk da zafinta, gaskiya ce. Dangin nan ba waƙa suka tsana ba. Hutun bikin ne kaɗai lokacin da masuntansu da makiyayansu suke zama a tebur ɗaya.

Batun mijinki. Littattafan nan ni ma kwali biyu gare ni ƙarƙashin gado, amma mazan cikinsu ba su da sana’a sai karanta fuskar mace. Naki tun kafin gari ya waye yake cikin teku. Ya ce ki yi abin da kike so, kuma mai yiwuwa abin da yake nufi ke nan, ba ƙari ba ragi. Daina ajiyar zuciya kafin ya sayo miki maganin tari. Zaunar da shi ki ce, ina so ka ji ni ina waƙa. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Ki sani abin da kike nema ba ƙarami ba ne, kakarsa ce, shi ma hoton zai rasa. In ya zaɓi gona ba ƙin ki ya yi ba. Sai ki ja shi gwajinku na ƙarshe a coci, ya ji ki a can.

Kaka kuwa, kada ta ji a bakin kowa sai naki. Ki bi su gona ranar Juma’a kamar kullum, ki sami lokacin da kuke ku biyu a kicin, ki faɗa mata kai tsaye, sannan ki rera mata baitin nan kafin duk garin ya ji. Abin da ya fi ɓata wa tsofaffi rai shi ne a bar su su gano abu da kansu. Tana iya jin haushi duk da haka. Ki bar ta ta ji, ba gardama, ba dogon bayani. Ranar Lahadi kuma kina sauka kada ki tsaya karɓar yabo. Kama hanyar gona, ko wanke-wanke ne ki tarar ki sa hannu.

Ki sha ruwan ɗumi da zuma, ki dawo gari ranar Asabar, ki ajiye littafi ki kwanta da wuri. Allah ya buɗe miki murya, ya ƙara wa Kaka lafiya, ya bar ki da mijinki cikin daɗin rai.

Anti Merle