Kada Ki Zuba wa Tanar Nan Gishiri

Fatakwal, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sagir da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya lau, sai gajiya. Shekara tara ke nan ina ba furannin mutane ruwa a garin da ba mai tambayar yadda na kwana.

Lado direba, wanda zai kawo maki takardar nan, ya ce kin ga tana a tukunyar lemun Baba, har kin ce za ki zuba mata gishiri. Don Allah kada ki yi! Da na ji, sai da na ajiye bokiti na yi ta dariya ni kaɗai. Tana fa, a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi, inda ƙasa ta yi tauri kamar daɓe! Ba ta cin saiwa, ruɓaɓɓen ganye take ci, ta huda ƙasa ruwa ya shiga. Abin tsoro gwazarma ce, farar nan mai ƙiba da ke naɗewa. Ita ki tsince ki jefa wa kaji. Gishiri kuwa zai ƙone lemun, kuma kin san shi kaɗai ya rage, daga reshen da na yanka kafin Yaya Almu ya sare bishiyar ya gina shago. Har yau abin yana cina. Amma Lado ya ce Yayan ne ke kawo takin awaki yana zubawa a gindin katanga, kusa da tukunyar, daga nan tanar ta samu. To, yabon gwani ya zama dole.

Da na ce a bar lemun a tukunya, nufina in ɗauko shi nan, don na fid da rai da gida. Na janye maganar. A haƙa rami a gindin katangar, a juye shi ciki da ƙasarsa da tanarsa, bayan la'asar, a ba shi ruwa sosai. Ki ce wa Yaya na roƙe shi ya dasa da hannunsa. In Allah ya kai mu damina zan zo, kuma ba zuwan kwana uku ba.

Ki gaishe mani da Inna, da Gwaggo Zuwaira, da Nafisa, da Yaya Almu musamman.

Yayanki,
Isiyaku.