Tulu a Kan Bututun Bature

Daren Laraba, tsakiyar damina, Kankiya.

Yau ma na hau soron bariki. Bututun hayaƙin tukunyar da ake dafa wa Bature ruwan wanka ta rufin ya fito, ruwan sama kuwa sai ya bi gefenshi, ya bi azara, ya ɗiga kan gado. Wancan makon Helma Sule, shugaban lebura, wanda bai taɓa cuɗa ƙasa ba, ya kafe sai siminti. Na ce, "Helma, ƙarfe in ya ɗau zafi, siminti tsagewa zai yi." Ya ce, "Magini, aikin Turawa ya fi kanka." To, jiya ruwa ya yi wa Bature wanka yana barci.

Na ɓamɓare shirmen simintin, na fasa gindin tsohon tulun matata, na zura shi kan bututun a kife, na shafe da makuba har bakin indararo. Da la'asar aka tafka ruwa, ko ɗigo.

Sule ya ruga ya ce wa Bature dabararshi ce. Mutumin da ƙafarshi ke rawa kan tsani! Bature ya ji daɗi, ya ce gobe ya je ya gyara na barikin Kusada. Yanzu Sule ya aiko wai in raka shi. Na ce bayana ke ciwo. Gobe sai ya tafi da simintinshi.